Yadda Za Ka Sa Yayarka Ta Kira Ka Yallaɓai

Idan an ƙara maka girma a wurin aiki, kuma cikin waɗanda aka ɗora ka a kansu har da yayarka uwa ɗaya uba ɗaya, to kwantar da hankalinka, ka faɗo hannu na gari. Matakai bakwai ne kacal. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya ba tsallake, ni kuma na yi maka alkawari: kafin wata uku su cika, matar da ta goya ka, ta share maka majina da gefen zaninta, za ta buɗe baki a gaban jama'a ta ce maka "Yallaɓai". An gwada hanyar nan, ta yi aiki ɗari bisa ɗari. Gaskiya ne mutum ɗaya ne ya gwada ta zuwa yanzu, amma ɗaya cikin ɗaya ai ɗari bisa ɗari ne, tambayi duk wanda ya ci lissafi a makaranta.

Wanda ya gwada ɗin shi ne abin misalinmu. Auta ake ce masa a gida, shekararsa talatin da huɗu, yana aiki a wani kamfanin ɗinka kayan 'yan makaranta. An ba shi riƙon ƙwaryar shugabancin sashen yanka da ɗinki na wata uku, aka ce idan ya iya riƙe mutane za a tabbatar masa da kujerar, idan bai iya ba ya koma kan kekensa na ɗinki. Mutum goma sha huɗu ne a ƙarƙashinsa. Sha uku ba su da matsala. Ta sha huɗun ita ce Yaya, mai yankan yadi, wadda ta shekara goma sha tara riƙe da almakashi a wurin, kuma ita ce ta kamo hannunsa ta kawo shi aikin tun bai iya zura zare a allura ba.

Mataki Na Ɗaya: Ka Gane Ciwonka

Masana zaman jama'a sun ce matsayin ɗan Adam iri biyu ne. Akwai wanda ka buɗe ido ka gan ka a ciki ba a yi shawara da kai ba, kamar zama ƙanen wata. Akwai kuma wanda ka nema da guminka, kamar zama shugaban sashe. Yawancin mutane sun yi sa'a, suna barin na farkon a gida su tafi aiki da na biyun. Kai naka na farkon ya riga ka isowa wurin aiki da shekara goma sha ɗaya, har yana da teburinsa kusa da taga.

Ranar farko Auta ya tara ma'aikata don jawabin kama aiki. Ya kwana biyu yana bitarsa a gaban madubi. Ya gyara murya, ya ce, "'Yan uwana ma'aikata, daga yau tsarin wannan sashe zai..."

"Auta, kwalarka ta lanƙwashe," in ji Yaya.

Ba ta tsaya nan ba. Ta ajiye almakashi, ta ratso tsakanin kekuna, ta miƙar masa da kwalar, ta kakkaɓe masa kafaɗa, sannan ta lashi babban yatsanta ta goge wani abu a kumatunsa. "Yawwa, ci gaba," ta ce, ta koma wurinta. Jawabin dai bai sake tashi ba. Abin da kawai ya iya tunawa shi ne a riƙa kashe fanka in za a tashi.

Kada ka yi fushi a wannan mataki. Ka rubuta abin a zuciyarka, ka wuce na gaba.

Mataki Na Biyu: Ka Tara Kayan Girma

Girma ba ya tafiya tsirara, sai an sa masa kaya. Nemi alƙaluma uku ka jera a aljihun gaba, shuɗi da ja da baƙi. Nemi fayil, ka riƙa yawo da shi a hammata ko da babu komai a ciki sai takardar awon wandon da ka manta ba ka mayar ba. Rataya katin shaida a wuya, fuskar hoton tana kallon jama'a. Sai makullai. Ofis ya ba Auta guda uku, ya ga ba sa ƙara yadda ya kamata, sai ya haɗa da na tsohon kwaɗon akwatinsa, da na babur ɗin da ya sayar bara, da wasu biyu da shi kansa bai san ƙofarsu ba.

Sannan ka sauya tafiya. Shugaba ba ya sauri. Ka goya hannu a baya, ka riƙa ɗaga ƙafa a hankali, ka tsaya a bayan mai ɗinki ka ce "hmm" ba tare da ka bayyana ko yabo ne ko zargi ba. Wannan "hmm" ɗin ita ce rabin shugabanci, sauran rabin kuma sa hannu ne.

Auta ya yi zagaye biyu a haka, kowa ya nutsu, har mai sa maɓalli ta daina taunar cingam. A zagaye na uku Yaya ta ɗago kai daga kan yadi.

"Auta, ƙafar ce ta motsa? Na ce maka ka daina sa takalmin nan, ya matse ka."

Mataki Na Uku: Ka Fara Da Masu Sauƙin Kai

Matsayi ba ya tabbata sai wasu sun yarda da shi. Ko ka sa hula goma, in ba wanda ya ce ranka ya daɗe, mai sayar da huluna kawai ka zama. Don haka bar Yaya tukuna, ka bi ta kan sauran.

Fara da mai guga. Tsoho ne mai ladabi, kowa Yallaɓai ne a wurinsa, har direban da ke kawo yadi, har kyanwar da ke kwana a kan tarin ƙyallaye ya taɓa ce wa "a ɗan matsa, Yallaɓai". Nasara a kansa ba ta da wani daɗi, amma a lissafi tana nan a matsayin ɗaya. Daga shi ka koma kan sababbin ɗauka, waɗanda har yanzu suke tsoron kowa. Masu tsohon hannu kuma ka bi su da dabara: duk wanda ya kira ka da sunan gida, ka yi kamar ƙarar keke ta hana ka ji.

Auta ya yi haka mako uku, kuma an samu ci gaba. Ma'aikatan suka ga ba za su iya ce masa Auta gatsal ba, ga katin shaida a wuya. Suka ga kuma ba za su iya yar da sunan ba, ga Yaya tana ji. Sai suka raba gardama, suka sa masa Oga Auta.

Sunan ya kama kamar ƙaiƙayi. Mai gadi ya ɗauka, mai shayin bakin ƙofa ya ɗauka, har sakatariyar Babban Manaja ta bugo waya ta ce a ba ta Oga Auta, ana nemansa a sama. Ya hau bene da fayil ɗinsa. Babban Manaja bai ce ya zauna ba.

"Aikin sashenka yana kyau," in ji shi, yana duba wata takarda. "Amma na ji an ce shugabanni biyu gare ku, ɗaya da kujera, ɗaya da almakashi. Kamfani kuwa kujera ɗaya ya saya. Ƙarshen wata mai zuwa zan sauko in gani da idona."

Auta ya sauko benen nan ya manta da tafiyar shugabanni. Tsoro ne ya kama shi, ba na komawa kan keke ba kawai, na komawa kansa a gaban mutanen da ya yi wa "hmm".

Mataki Na Huɗu: Ka Nemi Sulhu A Bayan Fage

Masana sun ce rayuwa kamar wasan kwaikwayo ce, akwai gaban fage inda ake taka rawa don 'yan kallo, akwai bayan fage inda ake cire rawani a sosa kai. Kuskurenka shi ne kana ta wasanka a gaba, alhali cikin 'yan kallo akwai wadda ta san ka tun kana kuka in an kashe fitila. Irin wannan ba a rinjayarta a fili. Ja ta gefe.

Auta ya same ta a ɗakin ajiyar yadi, tana auna wani bandir mai ruwan toka. Ya rufe ƙofa, ya ajiye fayil, ya rage murya.

"Yaya, alfarma nake nema."

"Me ka ɓata?"

"Ban ɓata komai ba. Sunan nan ne. Don girman Allah, daga ƙarfe takwas zuwa huɗu, ki riƙa ce mini Yallaɓai. Bayan an tashi ki kira ni duk abin da kika ga dama."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Wato huɗu da minti ɗaya ka sake zama ƙanena? To lokacin hutun cin abinci fa, wane ne kai? In na raba burodina biyu, wa zan miƙa wa rabin, Yallaɓai ko kai?"

"Yaya, ba wasa nake ba. Kujerar ce za ta tafi."

Da ta ji haka sai ta daina dariya, don tana son kujerar nan ta zauna a hannunsa fiye da yadda shi yake so. Ta ajiye abin awo, ta miƙe tsaye sosai, ta ja numfashi. "Yalla..." ta fara. Kafaɗunta suka soma rawa. "Yalla... kai, Auta, wallahi bakina ya ƙi. Ina buɗe shi sai in hango ka ranar da ka cusa wake a hanci muka kwashe ka sai asibiti."

A ƙarshe suka tsaya a kan cewa ba za ta kira shi da kowane suna ba. In tana nemansa za ta ƙwanƙwasa almakashi sau biyu a kan tebur. Ka lura da kyau a nan, don kada ka maimaita kuskurensa. Kwana uku ba a yi ba duk sashen ya gane cewa in almakashi ya yi ƙwas ƙwas, shugaba zai fito daga ofis da sauri yana cewa "Na'am, Yaya?"

Mataki Na Biyar: Kada Ka Kai Kuka Wurin Matarka

Ba za ta taimaka ba. Ta Auta ta saurare shi har ya gama, tana ninke kayan yara, sannan ta ce, "Baban yara, duk ranar da Yaya ta ce maka Yallaɓai, ni dai kada ka zo mini da murna." Ka share wannan magana. Mata ba su san sirrin mulki ba, shi ya sa suke gudanar da gida shekara da shekaru ba tare da fayil ba.

Mataki Na Shida: Ka Ja Jan Layi

Yanzu mun zo inda ake bambance shugaba da ƙanen wata. Roƙo ya gaza, dabara ta gaza, saura doka.

A bakin ƙofar sashen akwai rajistar zuwa aiki. Kowa ya iso ya rubuta sunansa da lokaci. Ƙarfe takwas daidai shugaba yana ɗaukar jan alƙalami da rula ya ja layi a ƙarƙashin sunan ƙarshe. Duk wanda ya rubuta a ƙasan layin ya makara, kuma makara tana shiga takardar mutum.

Yaya takwas da minti ashirin take isowa, kullum, shekara biyu ke nan. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Babansu ya tsufa, mantuwa ta kama shi, kuma tun rasuwar mahaifiyarsu ita ce ke biyawa gidan da sassafe ta yi masa wanka, ta ba shi shayi da magani, ta jira maƙwabciyar da ke zama da shi ta iso, sannan ta nemi mota. Tsohon shugaban sashen ya san da haka. Shi ya sa jan alƙalaminsa yake ɓacewa kowace safiya, a yi ta nema a ƙarƙashin takardu, ba ya bayyana sai Yaya ta sa hannu. Shi ma Auta wata biyu yana ɓatar da nasa, ko da yake kowa na hango shi ja wur a aljihun gaba.

Za ka ce ai Baban nan naka ne kai ma, kuma rabin wankan nan a wuyanka yake. Kore wannan tunani. Shi masana ke kira karon matsayi, wato ɗa da ƙane da shugaba duk su tashi tsaye lokaci guda a cikin riga ɗaya. Maganinsa shi ne ka zaunar da biyu.

Ranar da Babban Manaja ya sauko, takwas saura biyar ya iso, ya tsaya daidai kan rajistar yana duba agogo. Takwas ta buga, sunaye sha uku ne a rajistar. Auta ya matso kusa da teburin. Ya taɓa aljihu, ya yi kamar zai lalube, sai Babban Manaja ya nuna da haɓa ya ce, "Ga shi nan, na tsakiya." Auta ya zaro alƙalamin, ya ɗora rula, ya ja layi miƙaƙƙe kyakkyawa daga wannan gefe zuwa wancan. Babu keken da ke motsi a ɗakin.

Takwas da ashirin Yaya ta shigo da saurinta, hannun rigarta ɗaya a jiƙe. Ta yi sallama, ta sunkuya za ta rubuta, ta ga layin. Ta daɗe tana kallon layin. Ba ta ɗago ta nemi idon kowa ba. Ta rubuta sunanta a ƙasa, ta rubuta lokacin daidai ba ragi.

"Me ya makarar da ke?" Babban Manaja ya tambaya.

Auta ya buɗe baki zai yi bayani, ta riga shi. "Laifina ne, ranka ya daɗe, ban fito da wuri ba." Sannan ta juyo gare shi, ta ɗan rusuna, murya sarai ba rawa ba dariya, ta ce, "A yi haƙuri, Yallaɓai. Ba za a sake ba."

Ka ji ko? Na faɗa maka. Sati bai zagayo ba takardar tabbatarwa ta sauko daga bene.

Mataki Na Bakwai: Ka Ci Moriyar Nasararka

Yanzu sai ka miƙe ƙafa. Yaya takwas saura kwata take isowa, ba wanda ya san ƙarfe nawa take tashi, kai ma kada ka tambaya. "Ina kwana, Yallaɓai." "Yadin ya ƙare, Yallaɓai." "A sauka lafiya, Yallaɓai." Sunan Oga Auta ya mutu, ma'aikata duk sun bi bakinta. Ranar Laraba Auta ya wuni da kwala a lanƙwashe, da gangan, ya yi zagaye huɗu ta gaban teburinta. Ta gani. Ta ci gaba da yankanta.

Ran Asabar da hantsi ya ɗauki takardar ya tafi nuna wa Baba. Ya tarar da shi a kujerarsa ta kullum kusa da ƙofar ɗaki, bargo a gwiwa, Yaya na zaune a ƙasa tana yanke masa farce. Tun da mantuwar ta yi ƙarfi, Baba ba ya gane fuska sai an faɗa masa. Duk wanda ya shigo, Yaya ce ke sanar da shi, shi kuma abin da ta ce shi ne gaskiya.

"Baba, ka yi baƙo," ta ce. "Yallaɓai ne daga wurin aikinmu."

Tsohon ya rikice. Ya ture bargon, ya dafa hannun kujera, ya fara kiciniyar miƙewa, ƙafafunsa na karkarwa. "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. Ke, ba shi kujerar nan. Ka yi haƙuri, ka same mu haka."

"Baba, zauna! Ni ne fa."

"Madalla, madalla," in ji Baba, yana murmushin da ake yi wa manyan baƙi. "Yarinyar nan dai tana aiki da kyau ko? A riƙa haƙuri da ita, ni nake tsare ta da safe." Ya ɗan matso, ya rage murya. "Akwai ƙanenta a wurinku, Auta. Yaron kirki ne, sai dai tsoro. Don Allah a riƙa sa ido a kansa. Ya kwana biyu bai leƙo ni ba."

Auta ya durƙusa, takardar ta faɗi gefe bai ko duba ba. Ya kama hannun tsohon, ya ce Baba ni ne, ya sake cewa, tsohon yana ta gyaɗa kai cikin ladabi yana waigen 'yarsa. Auta ya saki hannun tsohon. Ya juya.

"Yaya. Don Allah ki faɗa masa."

Ta gama farcen da take kai, ta hure yatsan, ta kama na gaba. "Ƙarfe shida ake ɗora ruwan wanka," ta ce, ba ta dube shi ba. "Bayansa ba ya son a goga da ƙarfi."

"Zan zo."

"Kullum."

"Kullum, Yaya."

Sai ta taɓa gwiwar tsohon. "Baba, duba da kyau. Auta ne. Ƙiba ya yi."

Baba ya ƙura masa ido, fuskarsa ta saki gaba ɗaya. "Kai, ja'iri! Shi ne ka bar ni ina ta miƙewa? Zo nan ka matsa mini ƙafar nan, tun jiya take damuna."

Gargaɗi Kafin Ka Gwada

Ni dai alkawarin da na yi shi ne za ta kira ka Yallaɓai, kuma ta kira. Ban ce zai yi maka daɗi ba, ka koma sama ka duba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da kujera mai juyawa amma ba mai miƙar masa da kwala, ko mahaifinsa ya tashi tsaye dominsa, to shi da alƙalaminsa, babu hannuna, kuma kada a zo mini gida. Masu tambayar matakan warware abin kuma su yi haƙuri, ban da su. Auta kansa bai samu ba. Har yau a wurin aiki Yallaɓai take ce masa, daga takwas zuwa huɗu, har da lokacin hutun cin abinci. Sau ɗaya tak take faɗin ɗayan sunan a yini, a ƙofar ɗakin Baba, kuma don Baba take faɗa. Shi ya sa shida saura kwata za ka same shi tsaye a wurin da bokitin ruwan ɗumi, yana jira ta iso ta ce wane ne shi.